Alli Kafin Fenti

Kwanar Dangora,
ranar Alhamis.

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina kuma gaishe ki gaisuwar ɗa, tunda sunan mahaifiyata kika ci. Kin ga ke nan ta ko'ina aka biyo ina da ikon in cika ki da surutu. Allah Ya tsare ki a zaune da tafe, Ya raba ki da sharrin hanya da na abin da ke ƙarshenta.

Na san za ki yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da katanga ɗaya ce tsakaninki da shi. To, kin san halina. In na buɗe baki zan yi miki magana mai nauyi, ko dai ta koma faɗa ko ta koma wasa. Hannuna ya fi bakina hankali. Shekarun da ya yi yana rubutu a jikin motoci da allunan shaguna a nan Kwana sun koya masa ya ɗan tsaya kafin ya taɓa.

Mahaifiyarki ta gaya mini abin da kika ɓoye mini tun dawowarki daga Abuja. Ta ce ba hutu kika zo ba. Ta ce a gidan jaridar nan da suka ɗauke ki gwaji, shugabar sashenku ta ja layi a ƙarƙashin jimla ɗaya cikin labarin da kika rubuta kan manoman Doguwa, ta ce Turancin babu kuskure, amma babu mai faɗin haka. Ta ce kin zazzage littattafanki na jami'a ba ki ga dokar da kika karya ba, kika ce in mutum zai bi doka kuma a ce masa bai iya ba, to ke ba ki san me za ki gyara ba, gara ki zauna gida ki nemi koyarwa a firamare. Ranar Litinin suke jiran ki, in ba su gan ki ba su ba wani kujerar. Jakarki kuma har yanzu tana ƙarƙashin gado.

Na sa ta karɓo mini jimlar da dabara, kada ki ga laifinta. Ke kin rubuta: "The farmers exercised patience until the rain descended." Wato manoma sun yi haƙuri har ruwa ya sauka. Matar ta mayar da ita: "The farmers waited for the rain." Wato manoma sun jira ruwa. Tun da suka shigo hannuna nake juya su, ina dama fenti ina juya su, ina cin tuwo ina juya su, har mahaifiyarki ta ce ko ni aka ja wa layin.

Kin san iyakar karatuna, a aji uku na sakandare na tsaya lokacin da mahaifina ya rasu. Amma wannan tambaya da ta kayar da ke, wai magana ta zama daidai kuma a ce ba a faɗin ta, ita ce ta ciyar da ku ta tufatar da ku. Kullum sai wani ya tsaya a bakin rumfata da Turancin da yake so a rubuta masa, ni kuma dole in yanke hukunci kafin in buɗe gwangwani. Na sha faɗawa ramin da kika faɗa. Bari in nuna miki inda na kurkurje, ko kya gane naki ciwon bai kai na kwanciya ba.

Ina sabon shiga sana'a wajen maigidana, marigayi Malam Tanimu, akwai wani mai shayi, Iro, da teburinsa ke daidai inda manyan motocin Kudu ke tsayawa. Ya ga fasinjoji suna wuce shi suna tafiya wajen masu lemo, sai ya ce a yi masa allo da Turanci. Malam Tanimu gwani ne wajen zana harafi, amma Turanci ko "zo in kashe ka" bai ji ba, don haka aikin ya faɗo kaina. Ina da wani ƙamus da bangonsa ya cire, ina ji da shi kamar me. Na zauna na tsinto kalmomi, ina zaɓen dogaye don a san na shiga aji. Na rubuta da jan fenti: "Hot tea is obtainable here for drinking." Wato ana samun shayi mai zafi a nan domin sha. Kowace kalma tana cikin ƙamus, kowace kuma tana zaune inda malaminmu ya ce ta zauna. Na ja da baya na kalli allon, na ji duk Kwana babu kamata.

Allon kam ya tara jama'a. Mota na tsayawa sai ki ga ana nunawa ana dariya, Iro kuwa baki har kunne, yana zaton kasuwa ce ta buɗe. Rannan wata mata 'yar Ibo mai sarin wake, wadda ta iya Hausa ras, ta tsaya ta karanta, ta riƙe ƙugu.

"Mai shayi, wa ya rubuta maka wannan?"

Iro ya nuno ni da cokali. "Ga shi can, ɗan boko ne."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗana, da in ba sha ba, wanka zan yi da shi?"

Na ce, "Madam, ai babu kuskure a ciki."

Ta ce, "Ban ce da kuskure ba. Amma ka taɓa jin wani ya faɗi haka da bakinsa? Rubuta 'hot tea', ka je ka huta."

Kin ji fa, kusan maganar da shugabarki ta yi miki, sai dai ni a gaban 'yan tasha aka yi mini tawa. Na daina fitowa bakin titi, na ce noma zan koma. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san abin da zan gyara ba. Da harafi ta ce na ɓata, da na haddace shi an wuce wurin. Amma ta ce ba a faɗa. To wa ke faɗa, a ina ake faɗa, kuma yaya mutum zai sani?

Malam Tanimu ya biyo ni har gida, ya same ni a zaure. Bai lallashe ni ba. Ya ce, "Ni ban san Turanci ba, amma na san fenti. In ya bushe ya bushe. Wa ya aike ka ka fara da shi?" Ya ciro alli daga aljihu ya miƙo mini, ya ce gobe in fito da wuri.

Daga nan na samo yadda nake aiki har yau, kin sha gani, wataƙila kin ɗauka lalaci ne. Duk Turancin da nake shakka sai in rubuta shi da alli a baƙin allo, in jingine a bakin titi, in koma benci in zauna. Kwana wuri ne da kowane irin mai karatu ke bi: ɗaliban Zariya, sojoji, lauyoyi, 'yan kasuwar Kudu, malaman asibiti. Ba na tambayar kowa. Fuska nake kallo. In ido ya bi rubutun ya wuce, mai shi ya tafi sayen rakensa, to maganar lafiyarta ƙalau. In kuwa ido ya tsaya, leɓe ya motsa, aka koma farko aka sake karantawa, to akwai tsakuwa a cikin shinkafar, ko da ba a gan ta ba haƙori ya ji. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne, maganar da ta fi kyau ita ce wadda babu wanda ya lura da ita. Aikin da na fi wahala a kansa shi ne wanda ba a taɓa yaba mini ba.

To ki riƙe wannan. Ƙamus zai gaya miki kalma tana raye, ba zai gaya miki da wa take cin tuwo ba. Dubi namu harshen ma. Mu muna fita shan iska. In baƙo ya ce zai fita cin iska, wace doka ya karya? Babu. Amma kowa zai san ba a nan aka yanke masa cibiya ba. Ke wa ya zaunar da ke ya koya miki cewa iska shan ta ake yi? Kunnenki ne ya cika tun kina goye. Na Turancin ma haka zai cika, in kin zauna inda ake zuba shi. A ɗakin mahaifiyarki babu abin da zai shiga sai labarin tsadar manja.

Sai dai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Bayan abin Iro na koma tsoron duk Turancin da ban gani a buge a littafi ba. Na ƙulla abota da Malam Lawan, wanda ke koyar da Turanci a wata sakandare a Tudun Wada, yakan zauna a rumfata in yana jiran mota. Mutumin kirki ne, kuma ya sani ƙwarai, ya cece ni daga kunya ba sau ɗaya ba. Laifina ne da na mai da maganarsa kamar yankan wuƙa.

Akwai wani Bafulatani daga wajen Ɗansoshiya, Buba, da ya bar kiwo ya kama tuƙi. Da ya samu bas tasa ta kansa ya kawo mini, ya ce in rubuta masa a goshinta: "Go well, reach well." Na tambaye shi inda ya samo. Ya ce kullum zai fita sai mahaifiyarsa ta biyo shi bakin ruga ta ce a je lafiya, a sauka lafiya, shi ne ya juya da Turancin da ya tsinta a tasha. Ya bar motar ya tafi gida. Da yamma na nuna wa Malam Lawan, ya girgiza kai ya ce Bature ba ya faɗin haka, "safe journey" ake cewa. Ko allin ban ɗauka ba. Malami ya faɗa, me ya rage? Na buɗe gwangwani na rangaɗa masa "Safe journey" da shuɗi da fari, har da inuwa a ƙarƙashin haruffa.

Buba ya dawo ya tsaya a gaban motarsa, ya rataya hannuwa a kan sandar da har lokacin bai rabu da ita ba.

"Malam Sabo, wannan fa?"

"Gyara maka na yi. Naka ba Turanci ba ne."

"Wannan ai yana jikin kowace mota daga nan har Legas. Na kowa ne. Ni na Inna na ce ka rubuta."

Na ce, "Dariya za a yi maka."

Ya ce, "A yi mana. Bature zan ɗauka ko mutanen Doguwa?"

Na kankare aikina da hannuna, wanda ya taɓa kankare sabon fenti ya san zafin abin. Na rubuta nasa da alli a goshin motar, na ce ya bar ta a bakin titi zuwa la'asar, na koma benci ina jiran dariyar da na yi masa alkawari. Uwata, ko ido ɗaya bai yi tuntuɓe ba. Wani soja Bayarabe ya karanta ya ce amin, ya wuce. Da la'asar na bi allin da fenti. Kafin damina ta fita sunan motar ke nan a bakin kowa, fasinja zai ce shi "Reach Well" yake jira. Da Malam Lawan ya gani ya yi dariya ya ce, "In ɗalibi ya rubuta mini wannan a jarrabawa, wallahi sai na ja masa layi. A goshin mota kuwa ni ma sai dai in ce amin."

Mun shekara da shekaru muna gardamar nan ni da shi, ba mu ƙare ba har aka mai da shi wani gari. Shi yana cewa harshe yana da masu shi. Ni ina cewa to wanda ya tashi da shi a baki a Aba ko a Jos, ya yi ciniki da shi, ya nemi aure da shi, shi ɗan haya ne? Har gobe ban san wanda ya fi gaskiya ba, kuma ina kewar gardamar. Abin da na dai tabbatar shi ne, kafin ki tambayi ko ana faɗin magana, fara tambayar su wa za su ji ta. An ce jaridarku har ƙasashen waje ake karanta ta. To shugabarki ƙofar jaridar take tsaro, kamar yadda Malam Lawan ke tsaron jarrabawa, layin da ta ja ba zagi ba ne. Amma in kunnenki ya cika kin zama gwana, kada ki dawo kina yatsina fuska ga Turancin tasha. Kuma kada ki gyara wa mutum addu'ar uwarsa bai sa ki ba.

Faɗuwata ta uku ta fi ba ni dariya yanzu, ko da yake a lokacin ban yi ba. Wani kamfani ya zo duba tsofaffin ramukan haƙar kuza a Riruwai, waɗanda ruwa ya cika. Makiyaya na shayar da shanu a wurin, baƙi ma'aikata kuma suna yawo ba su san zurfinsu ba, sai aka ce a kafa allunan gargaɗi da Hausa da Turanci, aka ɗauke ni aka kai ni can. Hausar ba ta ba ni wuya ba. Turancin na rubuta: "Falling into this pit is not allowed." Wato ba a yarda a faɗa ramin nan ba. Zuciyata ba ta kwanta ba, ga shi a dajin babu motocin Zariya balle in kalli fuska. Ina cikin haka sai ga wani Bature cikin ma'aikatan, da hular kwano da jan wuya. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, ga mai abin da kansa. Na tare shi na ɗaga masa allon, na ce, "Correct?" Ya yi murmushi, ya ɗaga babban yatsa, ya ce, "Good, good." Na shafa fenti a alluna duka, aka kakkafa.

Bayan an kwana biyu na koma ƙarasa wani aiki, na tarar da wata likita da ta zo rigakafi, 'yar Kano ce amma a Ingila aka haife ta. Tana tsaye a gaban allona tana dariya har da riƙe ciki. Da aka ce mata ga mai rubutun, ta gaishe ni da ladabi, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, amma wa ya taɓa neman izini kafin ya faɗa rami?" Na ce ai Bature ne ya duba mini. Direban kamfanin da ke wurin ya ce wane Bature, ai mutumin nan a ƙasarsu ba Turanci ake yi ba, shi ma a aji ya koya kamar ni, kuma komai aka nuna masa "good, good" yake cewa, ko tuwo ko taya.

Abin da likitar ta yi daga nan shi na sace, kuma shi nake so ki sata. Ba ta kama jimlata tana gyarawa ba. Ta juya wa allon baya, ta rufe ido, ta ce bari ta tuna abin da takan gani a bakin irin wannan ruwa a can inda ta tashi. Sai ta ce, "Danger. Deep water." Hatsari, ruwa mai zurfi. Shi ke nan. Ba ta taɓa ko kalma ɗaya daga cikin nawa ba, ta wata ƙofar ta shigo gaba ɗaya.

Tun daga ranar na daina tambayar mutum ko abu daidai ne. In kin ɗaga wa mutum aikinki kin ce daidai ne, kin riga kin roƙe shi ya ce i, mai kunya kuwa zai ba ki. Ko da mai gaskiya ne, idonsa ya riga ya kama naki, sai dai ya yi masa faci. Ɓoye naki a aljihu. Ba shi labarin abin da ya faru, ki ce shi yaya zai faɗa, ki yi shiru ki ji ta inda zai fito. Na ga kina yawan tambayar wayarki ma. Ban raina ta ba, an nuna mini tana da sani, amma na lura in an tambaye ta da son a ji i, ita ma takan yi halin mai hular kwano. Kuma farar fata ba ita ce kunne ba, haka ma babbar kujera. Ki nemi wanda harshen ya zauna masa a baki, ko mai share ofis ne ko shugaba.

Yanzu ga taki. Jiya na rubuta jimlarki da ta matar a baƙin allo, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ban sa sunan kowa ba, na jingine a bakin titi. Kada ki yi fushi, ba ni da wata hanyar sani sai wannan. Zan gaya miki abin da na gani ba tare da na sa masa sukari ba. A kan ta matar ido bai tsaya ba. A kan taki ya tsaya. Wasu ɗalibai mata sun karanta, ɗaya ta maimaita "descended" a hankali, ta tambayi 'yar'uwarta ko daga littafin coci aka ciro. Wani dattijo mai baƙar kwat, da na ji ana kira barista, ya ga ina kallon sa ya matso, ya ce shi "exercised patience" bai dame shi ba, mu nan muna faɗa kullum, amma a waje za a ji kamar mutum ya sa babbar riga zai shiga gona. Don haka matar ta yi gaskiya, akwai tsakuwa. Ki karɓa, ba a mutuwa.

Amma da na goge allon sai wani abu ya tsaya mini a rai, shi ne ma ya sa na ɗauki biro. Jimlarta ta yi sumul, to ina haƙurin ya tafi? Jira ai kowa na yi. Wanda ke zaune a bencina yana jiran motar Jos jira yake yi, bai yi asarar komai ba sai lokaci. Manomin da kika rubuta labarinsa binne ya yi. Ya buɗe rumbu a lokacin da ya kusa ganin ƙasansa, ya ɗebi hatsin da 'ya'yansa za su iya ci, ya je ya binne a busasshiyar ƙasa tun babu ko gajimare. In yayyafi ya zo ya ɗauke, irin ya tsiro ya ƙone. In ruwan ya yi jinkiri, zabi da tururuwa su yi rabonsu. Ya san duk wannan, ya koma gida ya yi alwala bai ce wa kowa komai ba. Wannan kika gani da idonki a Doguwa, shi kika yi ƙoƙarin ɗauka, sai dai kin ɗauko shi a kwanon da bai dace ba. Ita ta san yadda ake faɗa, ke kin san abin da ya faru. Labarin yana bukatar ku duka biyu.

Don haka ga aiken da nake miki. Ki koma ki same ta lokacin da ba ta cikin sauri, ki gaishe ta, ki yi mata godiyar layin. Kada ki kare jimlarki, kada ma ki ambace ta. Ba ta labarin binne tun daga rumbu har zabi, sannan ki ce, ranki ya daɗe, wannan yaya ake faɗin sa? Ki ga ta inda za ta fito. Wallahi ni kaina ina son jin amsar. Na daɗe ina son sanin ko Turanci yana da kalma ɗaya da ta ɗauki haƙuri irin namu, ko kuwa sai ya zagaya ya nuna mutumin a tsugune yana binne iri, mai karatu ya gane da kansa. Malam Lawan ya ce akwai, amma duk wadda ya kawo sai in ji ta yi kaɗan. Ke ce kaɗai nake da ita da za ta je inda za a sani. In kin zauna a nan, jaridar za ta ci gaba da fita, kuma duk shekara za a rubuta cewa manoma sun jira ruwa.

Koyarwa a firamare ba abin raini ba ce, in wata rana ita kika zaɓa da farin ciki ni zan rubuta miki allon makarantar kyauta. Amma ba a shiga aji da gudu. Wanda layi ɗaya ya koro, yaran mutane zai je ya cika da layi.

Sauran kin san su, ba sai na tsawaita ba. Ki riƙe salla a kan lokaci ko aiki ya yi yawa. Ki ci abinci, na ga wuyanki. Ki riƙa kiran mahaifiyarki ko ba ki da labari, ita muryar take so.

Saura magana ɗaya, ita ce ta hana ni yi miki duk wannan bayani baki da baki. Da mahaifiyarki ta ce kin ce ba za ki koma ba, daɗi na ji. Ban ji tausayinki ba a lokacin, ban ji haushin matar ba, daɗi kawai na ji, har na fita na sayo tsire ba tare da wani dalili ba. Tun da kika tafi gidan nan ya yi mini faɗi. Babu mai yi mini gardama a kan tabarma, babu mai leƙo rumfa ta ce harafin nan ya karkace. Na yi ta kallon ki kina shara ina cewa a raina Allah Ya sa kada ta sake shawara. Sai shekaranjiya da muka fita tare na lura mun wuce alluna tun daga ƙofar gida har bakin kasuwa ba ki karanta ko ɗaya da ƙarfi ba, ke da tun kina 'yar firamare ba a wuce rubutu da ke ba ki tanka masa ba. Kanki a ƙasa muka je muka dawo. A nan na ji kunyar daɗin da na ji. Ina son ki kusa da ni, Allah Ya sani, amma ba zan ci ribar tsoronki ba.

Na yi magana da direban da zai tashi Abuja ranar Lahadi da safe, mutumin kirki ne, ba ya gudu, ya ce zai bar miki gefen taga. Mahaifiyarki da ƙannenki za su raka ki. Ni ba zan fito ba. Ina da aikin allo a Bebeji ranar, kuma ni na je na nemo aikin da kaina. In na tsaya a bakin motar nan fuskata za ta faɗi abin da wasiƙar nan ta hana, ke kuma kin iya karatu.

Allah Ya kiyaye miki hanya, Ya saukar da ke cikin aminci, Ya haɗa ki da masu gaya miki gaskiya ko da ɗaci. Allah Ya buɗe kunnenki, Ya sake harshenki, Ya tsare mutuncinki a inda babu idona. Na yafe miki duniya da lahira. Allah Ya yi miki albarka.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sabo mai fenti.